Jiran Kashi na Biyu: Tarihin Cinikin Labari Tsakanin Kano da Ƙasar Ƙonni

Sayar da labari kashi-kashi, ana yanke shi a daidai inda ya ɗauki zafi domin mai karatu ko mai kallo ya dawo neman ci gaba, sana'a ce da ta kafu a ƙasar Hausa tun daga shekarun 1980. Cibiyarta Kano ce, amma kasuwarta ba ta tsaya a iyakar Najeriya ba. Birnin Ƙonni, da ke kan babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, daf da garin Ilela na jihar Sakkwato, yana cikin ƙofofin da wannan haja ke shiga Nijar. Daga nan take bazuwa zuwa Malbaza da Galmi da Tajaye da ɗaya Ilelar ta ƙasar Adar, har Tawa. Cinikin ya bi ta littafi da kaset da faifai kafin ya koma waya, kuma a kowane zango abin da masu saye ke sa rai shi ke jan akalar abin da ake fitarwa.

Littattafan ƙagaggun labarai na farko ba su taso da wannan tsari ba. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ya fito a littafi uku tsakanin 1937 da 1939, amma hukuma ce ke bugawa, makarantu ne ke saye, ra'ayin mai karatu ba shi ne ma'auni ba. A ɓangaren Nijar kuwa, makarantar boko da Faransanci ake yin ta, saboda haka waɗannan littattafai ba su yi nisa a ƙasar Ƙonni da Adar ba. Labari a can ta baki yake tafiya: tatsuniyar dare, waƙoƙin makaɗa, sai kuma rediyo.

Al'amarin ya sauya lokacin da tattalin arzikin Najeriya ya karye a tsakiyar shekarun 1980. Takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka shiga buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'u. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Ahmed Funtuwa kuma ta yi Allura Cikin Ruwa a littafi uku. Ƙarancin jari ne ya haddasa rarraba labari. Marubuci ba shi da kuɗin buga labarinsa gaba ɗaya, sai ya buga kashi na ɗaya, ɗan siririn littafi a takarda mai arha, ya kai wa 'yan kasuwar littattafai na Bata da Sabon Gari a Kano. Abin da ya dawo hannunsa da shi zai buga na biyu. Idan na ɗaya bai karɓu ba, na biyu ba zai ga rana ba.

Wannan ya sa marubuta suka ƙware wajen zaɓen magaryar da za su tsaya: ranar ɗaurin aure an nemi amarya an rasa, ko wasiƙa ta faɗa hannun kishiya. A shafin ƙarshe a kan gayyaci mai karatu zuwa littafi na gaba, a jera sunayen waɗanda ke kan hanya, a kuma sa adireshin marubuci. Wasiƙun da ke zuwa suna roƙon a haɗa masoyan da aka raba, ko a hukunta muguwar uwar miji, kuma marubuta da dama sun riƙa la'akari da su. Shagunan hayar littattafai da gidajen rediyon Kano da Kaduna, masu karanta littattafan a iska, sun ninka yawan masu jira. A garuruwan Ƙonni da Adar, inda masu karanta Hausar boko ba su kai na Kano yawa ba, 'yan cin rani da fatake ne ke shigo da littattafan, mutum ɗaya ya karanta a bayyane, sauran su saurara.

Bidiyo ne ya kawar da shingen karatu. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, sannan Gimbiya Fatima a 1992. A 1999 kamfanin Sarauniya ya saki Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a cikinsa, waƙoƙinsa suka game gari. Daga nan masu saye suka riƙa auna sabon fim da waƙarsa da jarumansa, furodusoshi kuma suka bi. A shekarar ce Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, Sunusi Shehu na mujallar Tauraruwa kuma ya laƙaba wa masana'antar suna Kannywood.

Yadda ake sakin fim a wancan zamani ya nuna ƙarfin jira a cinikin. Furodusa yakan kai wa dillalan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano asalin kaset ɗin tare da kwalayen da ya buga, dillali ya sayi kwalin, ya sa kaset ɗinsa ya kwafa. Ribar furodusa a yawan kwalin da ya shiga take, kuma kwanakin farko su ne kasuwa, kafin masu satar fasaha su cika gari da jabu. Dole ke nan a tada ƙishirwar jama'a tun kafin ranar fita. A kan saki kaset ɗin waƙoƙi tukuna, a manna fastoci, a kuma cika farkon kowane fim da tallar masu zuwa, inda ake nuna somin-taɓin rawa da faɗa da kuka. Wani lokaci tallar takan fi fim ɗin armashi, wani lokaci ma fim ɗin ba ya fitowa sam, abin da ya koya wa masu kallo taka-tsantsan.

A Ƙonni, inda naira da sefa ke yawo tare kuma 'yan canji ke zaune a bakin hanya, a lokacin sabon kaset ba ya daɗewa bai iso ta Sakkwato ba. A ƙauyukan da babu lantarki, gidan kallo ne matattara: rumfar zana ko ɗakin ƙasa, talabijin a kan teburi, janareta a waje, kwalin fim ɗin daren a rataye a ƙofa. Yara a gaba kan tabarma, samari a benci, kowa ya biya 'yan daloli ya shiga. Idan aka tsaya a ƙarshen kashi na ɗaya, muhawarar takan koma fada, wurin shan shayin samari, mai gidan kallo kuma ya sha tambaya har ranar da na biyu ya iso. Nijar ba ta tsaya a saye kawai ba, domin mawaƙiya Fati Nijar, 'yar Maraɗi, tana cikin muryoyin da suka fi tashe a waƙoƙin finafinan Kano.

Abin da masu kallo ke so bai zo daidai da abin da malamai da hukuma ke so ba. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 aka naɗa Abubakar Rabo shugabanta, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka tsaurara dokoki kan rawa da sutura. Hukumar ba ta da iko a Nijar, amma abin da aka hana ɗauka a Kano bai cika isa kasuwar Ƙonni ba, sai dai wanda aka yi a Kaduna ko Jos.

Faifan CD ya maye gurbin kaset, shi ma bai daɗe ba masu turi suka karya kasuwarsa, wato masu kwamfuta a shago da ke zuba wa mutum finafinai a memorin waya kan kuɗi kaɗan, har da na Indiya da aka fassara. Dillalan Ƙofar Wambai suka durƙushe. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta buɗe wata hanya da Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka tabbatar da zamanin fim mai dogon zango. Jiran wata da watanni ya koma na mako, ra'ayin masu kallo kuma yana isa ga furodusa a daren da aka saki shiri. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayinta na Sumayya, an daɗe ana ce-ce-ku-ce kan ko labarin zai riƙe masoyansa.

Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, sun gurgunta fataucin kaya tsakanin Ilela da Ƙonni, amma ba su tsayar da labari ba, domin ya riga ya bar mota ya koma intanet. Marubuta ma sun koma WhatsApp da Wattpad, suna sakin shafukan farko kyauta, sauran sai an biya. A Tajaye da Malbaza yanzu abin da ke tsakanin mai kallo da sabon kashi shi ne kuɗin data da cajin waya, kuma mai turi na kasuwa ne ke cike giɓin ga wanda ba shi da su.