TARIHIN JERIN AYYUKA A ƘASASHEN MAFARA DA BAKURA DA MARADUN

Kowace majalisa, ran da ta fara zama, ayyukan da ke jiranta sun fi kuɗin baitulmalinta yawa. Saboda haka aikinta na fari shi ne ta jera su, ta san wanda za ta sa gaba da wanda zai dakata. A wurin wannan jeri a ke gane hankalin masu mulki, gama aiki mai kyau ma, in an yi shi gaba da lokacinsa, ya kan zama ɓarna. Labarin ƙasashen nan uku ya isa shaida ga ma'aikatan hukuma, tun daga hakimi har malamin kasuwa.

Ƙasar da Mutanenta

Talata Mafara da Bakura da Maradun suna zaune ne a yankin Gulbin Sakkwato, tsakanin Gusau da birnin Sakkwato. Garin Mafara yana bisa babbar hanyar mota, kasuwarsa kuwa ta ranar Talata ita ta ba shi suna. Kowace ƙasa da sarautarta ta gado: Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Kayan Maradun. Arzikin mutanen yana wuri biyu. A tudu su kan noma gero da dawa da auduga da gyaɗa da damina. A fadama kuwa, in gulbi ya kawo ya malala sa'an nan ya janye, su kan sami shinkafa, da rani kuma su yi lambu, su shuka albasa da dankali da tattasai, masunta su kama kifi, makiyaya su sami ɗanyar ciyawa. Watau rayuwar ƙasar duka tana rataye da abu biyu, gona da ruwa. Mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne mabuɗin sauran labarin.

Zamanin En'e

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ba su rushe sarauta ba, sai suka yi mulki ta hannunta, aka raba ƙasar Sarkin Musulmi gunduma gunduma, kowace da hakiminta zaune a cikinta. Wajen 1911 aka kafa baitulmali a masarautun Arewa, aka yanka wa sarakuna da hakimai da alƙalai albashi. Kuɗin da ke shiga, mafi yawansu haraji ne da jangali, a farko kuwa rabi na Gwamnati ne, rabi na En'e.

Shekarar kuɗi ta kan fara ran 1 ga Afrilu. Kafin ta kama, Ma'aji da 'yan majalisa su kan tsara takardar kiyasi, Razdan ya duba, a aika Kaduna a sa hannu. Wanda ya ga jerin babobin wannan takarda ya ga abin da mulkin ya gabatar. Albashin sarauta ta tsakiya ke gaba, sa'an nan na hakimai da dagatai, sa'an nan shari'a, da baitulmali, da 'yan doka, da gidan yari. Bayan waɗannan a ke zuwa ga gine-gine da hanyoyi, kana makaranta, da asibiti, da aikin gona, da gandun daji, da likitan dabbobi. Tattara haraji da tsare doka su ne kan gaba, abin da ya rage shi a ke rabawa ga rijiya da ɗakin shan magani.

Wannan tsari yana da ƙarfinsa. Dagaci ya san kowane magidanci na ƙasarsa, malamin haraji yana da sunansa a littafi, rasit kuwa ba ya ɓata ba a tambaya ba. Amma rauninsa ya fi bayyana a shekarun wahala. Sa'ad da jirgin ƙasa ya wuce Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka sami hanya zuwa bakin teku, haraji ya yi sauƙin biya a shekarar albarka. In damina ta ƙi kuwa, kamar a yunwar 1914 da ta 1927 da ta 1942, wadda a ke kira 'Yar Gusau, sai a tarar hukuma ta fi gwaninta wajen karɓa bisa ga bayarwa. Gundumomin kuma suna nesa da inda a ke yanke shawara. Don rage wannan nisa ne aka zaunar da Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a Gusau a 1938, ya riƙa duba gundumomin gabas.

Majalisun Gunduma

A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, don talaka ya sami bakin magana a cikin mulkin ƙasarsa. Daga nan aka yi ta gyare-gyare har aka kafa Dokar En'e ta 1954, wadda ta ba da hanyar kafa majalisun gunduma da na gari da na ƙauye. Aka riƙa ware wa majalisar gunduma 'yan kuɗi daga harajin mutanenta, ta zaɓi aikin da ta ga ya fi: rijiya, ko rumfar kasuwa, ko kwalbati, ko mahauta. Kuɗin kaɗan ne, amma a nan ne wakilin ƙauye ya fara koyon cewa in an gina rijiya a wannan gari bana, wancan gari sai baɗi, kuma dole ya koma gida ya faɗi dalili.

Bayan an yi jihohi a 1967, Gwamnati ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. A 1976 aka yi babban gyara a Nijeriya duka, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya. Talata Mafara ta zama ƙaramar hukuma a Jihar Sakkwato, Bakura da Maradun suna cikinta. Sabuwar majalisar ba ta daɗe da zama ba sai ƙasar ta gamu da jarrabawa mafi girma a tarihinta na wannan zamani.

Labarin Bakolori

Tun a 1969 masanan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a yi madatsar ruwa madaidaiciya a Bakolori, a bi aikin sannu a hankali. Sai fari ya auka wa ƙasar daga 1972 zuwa 1974, kuɗin man fetur kuma suka yawaita a hannun Gwamnatin Tarayya. Aka faɗaɗa shirin ƙwarai, aka ba kamfanin Impresit na Italiya aikin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An gama ginin madatsar a 1978. Tafkin da ta tara ya rufe wajen hekta 8,000, tsawonsa kamar kilomita 19. A ƙasa da shi aka shimfiɗa filin ban ruwa na kimanin hekta 23,000, aka yi niyyar a noma alkama da shinkafa rani da damina.

Niyyar ba ta da aibi. Inda aka yi kuskure shi ne jerin aiki: an gabatar da gini, an jinkirta haƙƙin mai gona. Mutane dubbai da ruwa ya ci gidajensu da fadamunsu aka tashe su aka kai su tudu, Maradun kanta aka yi mata sabon gari, ƙasar da suka tarar kuwa ba ta kai wadda suka bari ba. A filin ban ruwa, manyan motoci suka shiga gonaki suna baje ƙasa, suka tumɓuke ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, iyakokin gado suka ɓace. Manoma da yawa suka yi damina biyu ko uku ba su shuka ba. Da aka zo mayar da gonaki da biyan diyya, sai gardama ta tashi bisa wane ne mai wane wuri, da nawa ya kamata a ba shi. Mutanen da ke ƙasa da madatsar kuma suka ga gulbi ya daina malala kamar dā, shinkafar fadama ta ragu, kifi ya ragu.

Manoma suka kai kuka, suka je kotu, suka jira. Da haƙuri ya ƙare, daga ƙarshen 1979 suka fara tare hanyoyi suna hana aikin tafiya. Ran 28 ga Afrilu 1980, a zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye, suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ashirin da 'yan kai ne, mutanen ƙasar kuwa suka ce sun wuce ɗari uku.

Aikin na Gwamnatin Tarayya ne, ba na ƙaramar hukuma ba, ikon tsayar da shi kuma ba ya hannun majalisar Mafara. Amma sanin da aikin ya fi bukata yana hannun ma'aikatan ƙasa. Dagaci da mai unguwa su suka san gonar gado da ta aro da ta jingina, su suka san mai itacen da ke cikin gonar wani. Da an fara da rubuta wannan sani, gona gona, a gaban masu ita, aka biya kafin mota ta shiga, da gardamar ba ta kai inda ta kai ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Bayan jinin da aka zubar, aikin kansa bai cika alkawarinsa ba. Wajen hekta 15,000 an shirya su ne da famfunan feshi masu bukatar lantarki da kayan gyara daga ƙasashen waje. Da injuna suka lalace, wannan sashe ya tsaya, ya rage sai inda ruwa ke gangarowa da kansa ta magudanai, abin da bai wuce hekta 8,000 ba. Sai a 2014 Gwamnatin Tarayya ta sami rance daga Bankin Duniya don gyaran manyan filayen ban ruwa na Arewa, Bakolori na ciki, aka kuwa sa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan cikin sha'anin kula da magudanai. Abin da ya kamata a fara da shi, shi aka komo gare shi bayan shekara talatin da wani abu.

Zamanin Jihar Zamfara

Daga baya aka cire Maradun da Bakura, kowace ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka kafa Jihar Zamfara, hedkwatarta Gusau, da ƙananan hukumomi 14, waɗannan uku na ciki. Tsarin mulki na 1999 ya lissafa aikin ƙaramar hukuma: kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, hanyoyin cikin gari da magudanai, rubuta haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu cikin ilmin firamare da kiwon lafiya da raya aikin gona. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta ba ta ikon ba da shaidar riƙon gona a karkara.

Sai wata masifa ta sake faɗo wa ƙasar. Tun wajen 2011 satar shanu da rikicin gona da burtali suka girma suka zama ta'addancin 'yan bindiga. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki, a cikin shekarar nan kuma aka taɓa makarantu a Bakura da Maradun. Nan ma gona da ruwa da makiyaya suna cikin tushen abin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da Ya Kamata a Gabatar

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe su. Duk lokacin da kuɗi ya kai hannun majalisa, alhakin jera ayyuka ya rataya a wuyanta. Tarihin da ya gabata ya nuna jerin da ya fi lafiya.

Na fari, sani. Majalisa ta fara da yawon rangadi, ta ji daga bakin dagatai da ardo-ardo da sarakunan noma da mata, ta rubuta gonaki da burtali da mashaya yadda su ke. Na biyu, haƙƙi. Kada a sa gatari ko fartanya a gonar mutum don aikin hukuma, ƙarami ko babba, sai an auna an biya shi. Na uku, gyara kafin sabon gini. Rijiyar burtsatse da ta mutu, da ajin da iska ta yaye wa kwano, da magudanar da yashi ya toshe, sun fi cancantar kuɗin bana bisa ga ginin da ba wanda zai iya riƙonsa baɗi. Na huɗu, lissafi a fili. A karanta kiyasin shekara a gaban jama'a, a faɗi garin da aka gabatar da wanda aka jinkirta, da dalilin haka.

Ma'aikacin En'e na dā ya bar wa na yau gado mai kyau, watau littafi tsaf da sanin kowane gida. Abin da ya rage shi ne a yi aiki da wannan sani don kare mai gona, kamar yadda dā aka yi aiki da shi don karɓar harajinsa. Majalisar da ta yi haka tun zamanta na fari, ba za ta fafe gora ranar tafiya ba.