Yadda ake zaɓe da haɗa eriyar rediyo a karkara

A Ɗanzomo da sauran garuruwan masarautar Gumel da ke arewacin jihar Jigawa, akwatin rediyo na daga cikin manyan hanyoyin samun labarai, musamman a ƙauyukan da babu tsayayyar wutar lantarki.

To sai dai kuma sau da yawa mai saurare kan yi fama da ƙugi da ɗaukewar murya, har ya yanke shawarar sayen sabuwar rediyo, alhali kuwa matsalar daga eriya take.

Eriya dai ita ce ƙarfe ko wayar da ke kamo saƙon da tasha ta watso. Kowane zango da irin eriyar da ta dace da shi, saboda haka matakin farko shi ne mutum ya san zangon da tashar da yake nema take.

Gajeren zango

Ta gajeren zango ne kafofin watsa labarai na ƙasashen waje suka fara isa ƙasar Hausa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka kuma a 1979.

Muhimmancin wannan zango ya ƙara fitowa fili a 2004, lokacin da hukumar NBC ta hana tashoshin Najeriya watsa labaran kafofin waje kai tsaye. Haka nan a Jamhuriyar Nijar, wadda ke iyaka da Maigatari, mahukuntan soja sun dakatar da RFI a 2023, sannan suka dakatar da BBC na watanni uku a Disamban 2024.

Saƙon gajeren zango kan tashi sama ne, ya bugi wani sashe na sararin samaniya, sannan ya dawo ƙasa a wuri mai nisa. Ta haka ne tashar da BBC ta buɗe a tsibirin Ascension a 1966 ta riƙa kaiwa ga masu saurare a arewacin Najeriya, daga nisan da ya haura kilomita 3,000.

Yanayin wannan sashe na samaniya yana sauyawa tsakanin dare da rana. Shi ya sa mita 16 da 19 suka fi kyau da rana, mita 31 da 41 da 49 kuma suka fi kyau da dare.

Eriya mafi sauƙi ga wannan zango ita ce doguwar wayar jan ƙarfe mai rufin roba. Mita 6 zuwa 10 sun ishi ƙaramar rediyo. Idan wayar ta yi tsawo da yawa, tashoshi masu ƙarfi kan cushe rediyon, muryoyi su hau kan juna.

Ana ɗaura wayar ne a sama, tsakanin gini da gora ko bishiyar darbejiya. Kada ta taɓa ganye ko kwanon rufi. A ɗaure kowane bakinta da igiyar roba, igiyar ce za ta riƙe bishiyar.

Ɗaya bakin sai a shigo da shi ɗaki a maƙala a jikin eriyar rediyon. Idan sautin ya cakuɗe, a nannaɗa wayar da robarta sau huɗu ko biyar a jikin eriyar, ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba.

Matsakaicin zango

A matsakaicin zango kuwa, eriyar da ake zarowa ba ta da wani aiki. Akwai wani baƙin sanda da aka naɗe da siririyar waya a cikin akwatin, shi ne ke kamo tashar.

Wannan sanda ya fi kamawa idan tashar tana gefensa. Don haka juya akwatin rediyon gaba ɗaya, a hankali, shi ne maganin raunin sauti. Tashoshin wannan zango sun fi zuwa nesa bayan faɗuwar rana.

Zangon FM

Saƙon FM yana tafiya ne a miƙe, kusan kamar haske, kuma ba ya dawowa daga sama. Ga mai saurare a Sule Tankarkar ko Gagarawa da ke son kama tashoshin Dutse ko Kano, tsawon wurin da aka kafa eriya ya fi komai muhimmanci.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Gumel, eriyar da ke mita 1 daga ƙasa tana hango kimanin kilomita 4 ne, amma idan aka ɗaga ta mita 9 sai ta hango kusan kilomita 12. Wannan ƙari ne a kan nisan da turken tashar ke kaiwa.

Ana haɗa eriyar FM da sanduna biyu na jan ƙarfe ko alminiyam, a jera su a layi ɗaya a kan katako, da ɗan gibi a tsakani. Don sanin tsawonsu a mita, sai a raba 143 da lambar tashar. Ga tashar da ke kan 99.5, jimillar ta kama kimanin santimita 144, wato 72 kowane sanda.

Daga nan sai a samo kebul irin na talabijin, a haɗa wayar tsakiya da sanda ɗaya, ragar da ke kewaye da ita kuma da ɗayan. A gwada eriyar a tsaye da kuma a kwance, a bar ta yadda sautin ya fi fita.

Idan tashar ta yi nisa sosai, ana ƙara sanda mai tsawon santimita 150 a baya, da wani mai 136 a gaba, da tazarar kimanin santimita 60 tsakaninsu, sannan a fuskantar da gajeren wajen tashar. Wannan ita ce eriyar Yagi, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a Japan a 1926.

Ƙugi da haɗari

Ba kowane ƙugi ne raunin saƙo ke jawowa ba. Cajar waya da janareta da na'urar juya wutar sola da wasu ƙananan ƙwayayen fitila duk suna fitar da hayaniyar da ke danne gajere da matsakaicin zango. Kashe su ɗaya bayan ɗaya zai nuna mai laifin, sannan a nisanta eriya daga gare shi.

Masu gyaran rediyo kan kuma binne ƙarfe a ƙasa su haɗa shi da rediyon da ke da gurbin hakan. A ƙasa mai yashi irin ta wannan yanki, sai an riƙa jiƙa wurin da rani kafin ya yi amfani.

Babban abin kiyayewa shi ne rai. Kada a taɓa ratsa eriya ta sama ko ta ƙarƙashin wayar lantarki, kuma kada a kafa gora inda za ta iya faɗawa kanta.

Da damina kuma, da zarar hadari ya haɗo, a cire wayar daga jikin rediyo a fitar da bakinta waje, domin doguwar waya a sama tana iya shigo da tsawa har cikin ɗaki.