Azumin Kiristoci na kwana arba'in

A garin Illela na jihar Sakkwato, wanda ke kan iyaka da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, Musulmi ne mafi rinjaye, amma akwai Kiristoci 'yan kasuwa da ma'aikata da ke zaune tare da su.

Azumin Ramadan ba ya ɓuya a irin wannan gari. Na Kiristoci kuwa, wanda ake kira Lent, yakan zo ya wuce maƙwabta ba su ankara ba, har wasu kan ɗauka ba azumi ba ne, ganin cewa mai yinsa na iya shan ruwa da rana.

Asalinsa

Kiristoci na danganta azumin da kwana 40 da Linjila ta ce Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, ya yi a jeji ba tare da cin abinci ba.

Yana farawa ne ranar Larabar Toka, ya ƙare dab da bikin Ista. Kwana 46 ne tsakani, amma ba a lissafa ranakun Lahadi shida.

A ranar farko limamin coci kan shafa wa masu ibada toka a goshi, domin tuna musu cewa daga ƙasa aka halicci mutum, kuma cikinta zai koma.

Yadda ake yinsa

A ɗarikar Katolika, ranaku biyu ne azumi ya wajaba: Larabar Toka da Juma'ar da ke gaban Ista, ranar da Kiristoci suka yi imani an gicciye Yesu.

Wanda ya kai shekara 18 zuwa 59 yakan ci cikakken abinci sau ɗaya, sai ɗan abin taɓawa sau biyu. Daga shekara 14 kuma ana ƙaurace wa nama a waɗannan ranaku da sauran Juma'o'in azumin. An ɗauke wa marasa lafiya.

A da dai dokokin sun fi haka tsanani, kafin Paparoma Paul na shida ya sassauta su a 1966.

Sauran kwanakin an bar wa mutum da zuciyarsa. Wani ya bar giya ko taba, wani ya bar kwalliya da shagali, wani kuma ya kame bakinsa daga gulma.

Malaman coci na koyar da cewa yunwa kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa da addu'a da sadaka. Abin da mutum ya hana kansa, mabuƙaci ya kamata ya amfana da shi.

Gudun duniya

Wannan tarbiyya na da tushe a Afirka. Antoniyos na Masar, wanda ya rasu a shekara ta 356, ya rabar da dukiyarsa ya shiga hamada, kuma ana ɗaukarsa uban masu zuhudu a Kiristanci.

Har yau Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kan yi kwana 55 ba nama, ba madara, ba ƙwai.

Majami'un da ba na Katolika ba sun sha bamban. Angilika na kiyaye Lent, yayin da da dama daga cikin na Pentikostal ke tsayar da nasu azumin a farkon shekara.

Tsallaken iyaka

Katolikan Illela na ƙarƙashin dayosis ɗin Sakkwato, wanda aka kafa a 1964, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ya karɓi jagorancinsa a 2011. Na Birnin Ƙonni kuwa suna bin dayosis ɗin Maraɗi, da aka kafa a 2001. Kalandarsu dai ɗaya ce.

Da yake Ramadan na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, azumin biyu kan haɗu a wasu lokuta. A 2025 Musulmin Najeriya sun ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, Larabar Toka kuma ta faɗo ranar 5 ga watan.