Kududdufi, jinga da dam: yadda ƙasar Gumel ta zauna da ruwa

Babu wani kogi mai gudu rani da damina da ya ratsa ƙasar Gumel. Daga Ɗanzomo zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, jigawa ce da kwari, sai tafkuna masu cika da damina su ƙafe kafin bazara. Shi ya sa ambaliyar nan ta sha bamban da ta Haɗejiya ko Ringim. Can kogi ne ke tumbatsa. Nan ruwan sama ne ke rasa wurin zuwa, ya kwanta a gindin katanga har ta jiƙe ta zube.

Mutanen da sun san maganin abin. Ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini shi ne ke zama kududdufi, kwatamin kowace unguwa kuma can yake zubewa. Inda ruwa ya saba ɓallowa, sai a kira gayya a tayar da jinga: a tara ƙasa, a daddaɓe, wani lokaci a kafa kara da ƙirare don kada ta zaizaye. Ruwan da aka tare, dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa da shi.

Madatsar gwamnati ta zo ne a zamanin Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin Gumel na cikinta. Shi ya gina Bagauda, sannan Tiga da aka gama a 1974, ana tsakiyar fama da fari. Aka bi da wasu a kan kogunan Gari, Tomas da Jakara. Duk na ƙasa ne: yumɓu a tsakiya don ya hana yoyo, duwatsu a fuskar da ke kallon ruwa, sai mafita a gefe don rarar ruwa.

Amma kusan dukkansu yamma da kudu suka tafi, kuma da dalili. Can akwai dutse a ƙarƙashi da kwazazzabon da za a toshe. Yashin arewa maso gabas kuwa shanye ruwa yake yi; su kansu Gari da Tomas cikinsa suke ɓacewa. A watan Agusta na 1988 Bagauda ta fashe bayan ruwa mai yawa, ta ci gidaje da gonaki, aka ga cewa madatsar ƙasa ba a gina ta a juya baya.

Bayan kafa jihar Jigawa a 1991 garuruwa sun faɗaɗa, fili ya yi tsada. Kududdufai da dama aka cike su da shara aka yanka filaye, kuma a ganina wannan ya fi rashin dam yi wa garuruwan ɓarna. Da damina ta yi nauyi a 2020 da 2022, buhunan yashi jama'ar jihar suka koma jerawa a bakin ƙofa.