Yadda Akwatunan Cike Fom a Intanet Suka Samu Kamanninsu

Akwatunan da ake rubuta suna ko lambar waya a shafukan intanet sun fara aiki a burauzar Mosaic a 1993, aka kuma shigar da su cikin ƙa'idar HTML 2.0 a 1995. A wancan zamani burauza na aron siffarsu ne daga tsarin kwamfutar da take kai, shi ya sa maɓallin aikawa na Windows ya sha bamban da na Macintosh.

Fitowar CSS a 1996 ta ba masu zanen shafi damar sauya launi da girman rubutu, amma akwatunan fom suka yi taurin kai. Da zarar an sa wa maɓalli launin baya ko sabon gefe, sai burauza ta yar da siffarsa ta asali baki ɗaya. Ɗan akwatin sa alama da jerin zaɓi kuwa kusan ba sa karɓar ado a lokacin. Wannan ya sa masu zane da yawa suka riƙa ɓoye na ainihi, suna ƙera na jabu da JavaScript. Kyau ya samu, amma sau tari makafi masu dogaro da manhajar karanta allo suka rasa hanya.

Gyara ya zo sannu a hankali. HTML5, da aka kammala a 2014, ta kawo akwatuna na musamman don kwanan wata da lambar waya. A 2020 Chrome da Firefox suka amince da umarnin appearance, mai riƙe siffar asali ko cire ta. A 2021 aka samu accent-color, wanda ke sauya launin akwatin sa alama ba tare da taɓa sauran halayensa ba, Safari kuma ta bi sahu a 2022.

Amfanin wannan a bayyane yake a Abuja, mazaunin hukumomin da jama'a ke cike fom ɗinsu ta intanet: hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu JAMB a Bwari, hukumar rajistar kamfanoni CAC a Maitama, da hukumar katin ɗan ƙasa NIMC. Mai cike fom ta waya yakan ga madannan lambobi sun fito da kansu idan ya taɓa gurbin lambar waya, kalandar wayarsa kuma ta buɗe a gurbin ranar haihuwa. Akwatin asali ne ke yin wannan aiki kyauta. Yanzu hukuma na iya sa koren launin tutar Najeriya a fom ɗinta ba tare da ta raba ɗan ƙasa da wannan sauƙi ba.