Tarihin Wuta da Sauyin Makamashi a Masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa

Bompai da Sharaɗa da Challawa su ne manyan unguwannin masana'antu na Kano. Bompai ce babbarsu a shekaru, tana gabas da tsohon birni cikin Ƙaramar Hukumar Nassarawa. Sharaɗa tana kudu da ganuwa, an kuma yanka ta kashi uku. Challawa tana can gaba cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, kusa da kogin da ta ci sunansa. A nan ake jeme fata, ake narka roba a yi bokiti da silifa da leda, ake matse man gyaɗa da na waken suya, ake yin sabulu da alewa da taliya. A da kuwa saƙa ce kan gaba. Duk waɗannan sana'o'i wuta suke ci, saboda haka duk abin da ya sami lantarki a Kano, waɗannan unguwanni ne ke fara jin sa. Shirin gwamnatin Nijeriya na yaƙi da sauyin yanayi da komawa ga makamashi mai tsafta ya riski wurin ne bayan ƙarancin wuta ya riga ya rufe masana'antu da yawa, kuma wannan ne ya sa zancen ya sha bamban da yadda ake yin sa a Turai.

Asali

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya buɗe cinikin gyaɗa da kirgi da auduga zuwa gaɓar teku. Lantarki ya biyo baya. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kafa aikin ruwan famfo da na wuta a bakin Kogin Challawa, da kuɗin baitulmalinta. Abin lura ne cewa wutar farko da Kano ta sha tata ce, a gida aka samar da ita, hukumar gida ce kuma ke riƙe da ita. Daga baya aka kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, a 1950, al'amarin wuta ya koma hannun tarayya. Madatsar ruwa ta Kainji ta fara aiki a 1968, aka haɗe hukumomi biyu, ta lantarki da ta madatsun Neja, suka zama NEPA a 1972. Tun daga lokacin Kano ta zama mai jiran wutar da ake turo mata daga nesa, ta babban layin da ke ratsowa ta Kaduna ya sauka a tashar Kumbotso.

Bompai ta fara cika tun kafin samun 'yancin kai, da kamfanonin matse gyaɗa da na turare da na jima, galibi na Turawa da 'yan Labanon. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, haɗe da kuɗin man fetur na wancan zamani, ta ba attajiran Kano damar shiga harkar da ƙarfi, aka buɗe Sharaɗa da Challawa don Bompai ta yi kaɗan. Masaƙu irin su Bagauda ta Alhaji Isiyaku Rabi'u da Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi sun ɗauki ma'aikata masu yawa. Aiki ake yi dare da rana, wani rukuni na tashi wani na karɓa. Kano ta kasance ta biyu a masana'antu a Nijeriya bayan Legas. Wutar da ta ɗauki wannan bunƙasa, babban kasonta daga ruwan Kainji ta fito, wato makamashin da a yau ake kira mai tsafta. Tukwanen tururi na masaƙu da na majemu kuwa baƙin mai suke sha, wanda matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, ta sauƙaƙa samunsa.

Durƙushewa

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ya karya darajar naira, kayan gyaran injina da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsada. NEPA ta kasa faɗaɗa aikinta daidai da yawan jama'a, ko da aka ƙara tashar Shiroro a 1990. Matatar Kaduna ta riƙa tsayawa, baƙin mai ya yi wuya. Kowane kamfani ya koma ya zama mai samar wa kansa wuta da manyan janareto na dizal, a gari da ke da nisan kusan kilomita dubu daga tashar jiragen ruwa, inda kowace lita sai ta sha doguwar tafiya a tanka kafin ta iso. Masana'antun Legas sun sami bututun iskar gas suka rage asara. Na Kano ba su samu ba.

Da aka buɗe ƙofar shigo da yadi a ƙarshen shekarun 1990, ga kuma fasa-ƙwauri ta kan iyakar Nijar, atamfa da shadda na Sin suka cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar da ke ƙona dizal ba za ta iya karawa da shi ba. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. An mayar da gine-ginen wasu ɗakunan ajiyar kayan da ake shigowa da su daga waje. Ma'aikatan da aka sallama, wasu sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa kuma suka kama acaɓa, har aka hana goyo a babur a Kano a watan Janairun 2013, suka koma neman A Daidaita Sahu ko dako. Manoman auduga na Katsina da Zamfara da Kano su ma sun rasa masu saye. Babu wani tsari na gwamnati da ya tarbi waɗannan mutane da horo ko jari ko sabon aiki yadda ya kamata. Wanda duk zai yi maganar sauyin makamashi cikin adalci a Kano, wannan tarihi ne ma'aikata za su fara tuna masa.

Sayar da kamfanonin lantarki a watan Nuwamban 2013 ya miƙa rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. Mai kamfani ya sauya, amma wutar da ke zuwa daga babban layi ba ta ƙaru yadda za ta wadatar ba. Abin da ƙasar baki ɗaya ke rabawa yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ga mutane fiye da miliyan 200.

Alkawuran gwamnati

Nijeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Paris a 2016, ta tabbatar da ita a 2017. A taron sauyin yanayi na Glasgow, cikin Nuwamban 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 ƙasar za ta daina ƙara hayaƙin da ke ɗumama duniya fiye da wanda take iya shanyewa. A cikin watan ne ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa mai kula da lamarin. A Agustan 2022 aka ƙaddamar da Shirin Sauyin Makamashi, wanda ya ƙiyasta cewa ana buƙatar ƙarin dala biliyan 410 zuwa 2060, wato kimanin biliyan 10 duk shekara. Shirin ya ɗauki iskar gas a matsayin gadar da za a bi kafin a kai ga hasken rana da ruwa da iska.

Ga Kano, gadar nan ita ce bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a watan Yunin 2020. Wa'adin kammala shi ya wuce an sake sanya wani fiye da sau ɗaya, kuma har ƙarshen 2024 gas bai iso ba. Masu fafutukar muhalli na ƙasashen waje kan soki dogaro da gas, suna cewa shi ma yana ɗumama duniya. Gaskiya ne, amma mai majema a Challawa ba tsakanin gas da rana yake zaɓi ba a yau. Dizal ne a gabansa, wanda ya fi gas hayaƙi da tsada. Kuma hayaƙin da ɗan Nijeriya ke fitarwa a shekara bai kai tan ɗaya ba, na Ba'amurke kuwa ya haura tan goma, duk nahiyar Afirka ma ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ake samu daga ƙona mai da kwal da gas a duniya ba.

Rana da ruwa

Aikin hasken rana ya fara fitowa fili a Kano ta hannun hukumar samar da lantarki a karkara. A 2018 aka fara ba shagunan Kasuwar Sabon Gari wutar sola, shekara biyu bayan babbar gobarar da ta ci kasuwar, don a rage ƙananan janareto da tarin fetur a cikin rumfuna. A Satumban 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe tasha mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, wadda ta haɗa sola da batura da injin dizal.

Wanda ya fi shafar masana'antu kai tsaye shi ne tashar Haske da ke Challawa. Buhari ya buɗe ta ranar 30 ga Janairun 2023. Tana da ƙarfin megawat 10, da farantan sola fiye da 21,000 a kan fili mai hekta 24, kuma hukumar zuba jarin asusun ƙasa, NSIA, ce ta gina ta a kan kimanin dala miliyan 16. Mallakarta ta kasu uku: kashi 80 na tarayya, 15 na Jihar Kano, 5 na Ƙaramar Hukumar Kumbotso. Wannan kaso biyar na ƙaramar hukuma abin a yaba ne, domin ba kasafai ake tuna masu ƙasa ba idan an zo rabon riba. Sai dai megawat 10 kaɗan ne ga unguwar da kamfanin roba guda kan cinye megawat da dama, ga shi kuma rana na faɗuwa, injin da ke narka roba kuwa idan ya tsaya da dare kayan da ke cikinsa sun daskare.

Ta ɓangaren ruwa, jihar na da manyan madatsu biyu, Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo a farkon shekarun 1970, da Challawa Goje ta yankin Ƙaraye da aka kammala a 1992. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta biyu ce ta fara aikin samar da lantarki daga gare su, ta Abdullahi Umar Ganduje ta ci gaba da shi, aka tsaya a kan megawat 10 a Tiga da 6 a Challawa Goje. An nufi wutar Tiga ne ga matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titi. Ruwan nan kuma shi manoman shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa ke jira, haka masunta da makiyaya na fadamun Haɗeja da Nguru, saboda haka ba a iya sakin sa yadda injin lantarki kaɗai ke so.

Wa ke biyan kuɗin sauyin

Tunanin sauyi cikin adalci daga ƙungiyoyin ƙwadagon Amurka ya taso, inda Tony Mazzocchi na ƙungiyar ma'aikatan mai da sinadarai ya dage cewa idan za a rufe masana'anta saboda muhalli, kada ma'aikaci ya ɗauki asarar shi kaɗai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinsa a 2015, aka kuma ambace shi a gabatarwar Yarjejeniyar Paris. A Glasgow an yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5 don ta rage dogaro da kwal ba tare da jefa mahaƙa cikin yunwa ba. Nijeriya ta nuna sha'awar irin wannan yarjejeniya, ba ta samu ba.

A Kano kuwa nauyin ya sauka a kan talaka da ƙaramin mai sana'a tun kafin amfanin ya iso. Dizal ya yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukren. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, farashi ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, darajar naira kuma ta faɗi bayan haka. Ma'aikacin da ke zuwa Sharaɗa daga Rijiyar Lemo ko Kurna ya tarar kuɗin mota ya cinye babban kaso na albashinsa. A Afrilun 2024 hukumar sa ido kan lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kowane yunit. Ƙungiyar masu masana'antu, MAN, ta yi ƙorafi har ta garzaya kotu. Sai ga duhun Oktoban 2024: an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda babu wuta. Masu walda da niƙa da ƙanƙara da teloli suka zauna, manyan kamfanoni suka rage aiki. Mai hali ya sayi sola da batura, marar hali ya jira. Inda za a samar wa ƙananan masana'antu rance mai sauƙin ruwa da naira don su kafa sola, da an taɓa wurin da ciwon yake.

Akwai kuma bashin da ya girmi zancen sauyin yanayi, wato dagwalon masana'antu. Ruwan jima na ɗauke da sinadarin kuromiyam da gishiri da sauran guba. Na Sharaɗa na bin rafin Salanta, na Challawa na gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma na bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. Da wannan ruwa masu lambu ke ban-ruwan latas da alayyafo da karas da ake kai wa kasuwannin birni, binciken malaman Jami'ar Bayero da na wasu jami'o'i kuma ya sha nuna ƙarfe mai guba a ƙasa da ganyen wuraren. Tace irin wannan ruwa aiki ne mai cin wuta, ga famfuna da injinan hura iska da ba a son su tsaya, kuma kamfanin da ke lissafin kowace litar dizal yakan fara kashe injin tacewa kafin ya kashe na samar da kaya. Hukumar kare muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, na da ikon hukunci, amma tara kaɗai ba ta kunna injin.

Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin shekarar sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da sa ido a kanta a cikin iyakokinsu, ikon da ya bar hannun Kano tun zamanin ECN. A 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fito da manufar jiha kan sauyin yanayi ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli da Sauyin Yanayi. Wasu kamfanonin sun riga sun kama hanyarsu: akwai masu shimfiɗa sola a rufin masana'anta, akwai masu sayen gas da ake kawowa a manyan motoci daga kudu, wasu masu casar shinkafa kuma ɓuntu suke ƙonawa su sami tururi.