Inci Biyu a Jikin Jirgin Pietenpol

A shekarar 1929, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, wani makanike mai suna Bernard Pietenpol ya tashi da jirgin saman da ya ƙera da hannunsa a ƙauyen Cherry Grove na jihar Minnesota. Jirgin katako ne da yadi, da injin motar Ford Model A mai ƙarfin doki 40. Mutum biyu yake ɗauka, fasinja a gaba, matuƙi a baya. A 1932 mujallar Modern Mechanics ta buga zanensa da sunan Air Camper, daga nan duk mai zarto da haƙuri ya samu damar ƙera nasa a garejin gida. Har yau ana ƙera shi.

Sai dai zanen ya tsaya a zamaninsa, jikin mutane kuwa bai tsaya ba. Faɗin gangar jirgin inci 24 ne, Amurkawan yau kuma sun fi kakanninsu tsayi da ƙiba. Shi ya sa maƙera da yawa, da sun shimfiɗa zanen, sai su yi sha'awar ƙara inci biyu don kafaɗa ta sake.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan tarko: ka sauya lamba guda a tsohon aiki, wurare goma su motsa. Ƙarin inci biyu yana nufin sake auna duk katakan da suka gitta gangar, da allon da ke raba inji da fasinja, da maƙalar tayoyi, da sandunan da ke riƙe fiffike a sama. Falankin da ake shimfiɗa ƙasan jirgin da shi yakan zo da faɗin inci 48, wanda ke rabuwa gida biyu daidai a tsohon awo. Da an koma 26, lissafin ya rushe. Ga ƙarin nauyi, a jirgin da ba shi da rarar ƙarfi.

Batun tsayi ya fi haɗari, kuma shi kansa Pietenpol ya taɓa shi. Injin Ford yana da nauyi, ga lagireto da ruwansa, kuma wannan nauyin ne ke rinjayar matuƙin da ke zaune a baya. A shekarun 1960, da ya koma ga injin motar Chevrolet Corvair wanda iska ke sanyaya shi, hancin jirgin ya yi sauƙi, sai ya fitar da zanen doguwar ganga, wadda ta ɗara tsohuwar da sama da inci 9. Dalili kuwa, jirgi tamkar sikeli yake. Idan nauyi ya karkata wajen wutsiya, hanci yakan ɗaga, gudu ya ragu, fiffike ya daina ɗaukar jirgin, ya shiga juyin da da wuya matuƙi ya fita daga cikinsa.

Pietenpol ya bar wa magadansa mafita da iyaka. Fiffiken yana zaune ne a kan sanduna, ana iya kwantar da su baya kaɗan har ma'auni ya daidaita. Iyakar kuma ita ce, kada cibiyar nauyi ta wuce inci 20 daga bakin fiffiken, wato kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa.

Ya rasu a 1984. Duk shekara masu irin jirginsa suna taruwa a garin Brodhead na jihar Wisconsin, kuma da wuya ka ga biyu da suka yi daidai da juna. Zanen ya jure gyare-gyaren shekaru sama da 90, amma duk wanda ya taɓa awon gangar, wajibi ne ya ɗora jirgin a sikeli ya yi lissafi kafin ya ɗauki ɗan wani zuwa sama.